Ramin da Ya Ci Modu

Illa mahaƙin rijiya ne daga wata ƴar tunga kudu da Yekuwa. Wurin ƙanen ubansa, Baba Ɗalha, ya koyi sana'ar. Idan rani ya shiga sai su ɗauki dagi da igiya da kwando su bi gari-gari, tsohon na bakin rijiya yana jan ƙasa, Illa na ciki. Hannunsa na da kyau, amma mutum ne marar zama. Tun ba a kai ga ruwa ba yake fara tambayar garin da za a nufa gaba. Matarsa Daso takan ce ko tuwo a tsaye yake ci, kamar wanda aka biyo.

Ba a daɗe da fita yunwar Kakalaba ba aka aiko daga bariki cewa Nasara na yaƙi a ƙasarsu, kowane gari ya ba da mutum. Samari suka watse cikin daji, waɗansu suka tsallaka ƙasar Ingilishi. Mai gari ya rasa ta cewa, ga sojan bariki zaune a ƙofarsa suna cin kajinsa. Daga ƙarshe ya nuna gidan Baba Ɗalha, wanda ɗa namiji guda kaɗai yunwa ta bar masa.

Illa ya ce shi zai tafi a madadin ɗan.

Daso na ɓarar gyaɗa lokacin da ya gaya mata. Ba ta ɗaga kai ba.

"Maigida, don Baba za ka, ko ƙafarka ce ke ƙaiƙayi?"

"Duka biyu," in ji shi, don bai iya yi mata ƙarya ba.

Ta watsa ɓawon da ke hannunta gefe. "To, Allah ya kiyaye hanya."

A Damagaram aka ba su jar hula da wando mai kauri. Suka yi ta tafiya yamma har bakin Kwara, daga nan kudu har teku. Tafiyar ƙasa ba ta dame shi ba, jirgin ruwa ne ya kusa zautar da shi, don ko'ina ya nufa sai ya tarar da ruwa ya tare. A Faransa aka zuba su wani sansani, kullum hagu-dama, hagu-dama, a fili ɗaya. Ran nan wani sarsan, wato saje, mai jan gemu ya zo da tafinta, yana bin layi yana duba tafin hannun mutane. Tafinta ya ce ana neman waɗanda suka saba shiga ƙasa. Illa bai tambayi abin da za a yi da su ba, ya fito gaba.

Wani gajeren Babarbare ma ya fito, sunansa Modu, daga gabas da Dungas. Da ya ji Hausar Illa sai ya washe baki, ya kira shi da sunan da Barebari ke kiran Bahaushe.

"Afuno, ashe kai ma na gida ne! Ina ruwanmu da rijiyar Nasara?"

Ba rijiya ba ce. An kai su wani tudu da aka taɓa yin ƙauye a kansa, yanzu ko bango babu. Faransawa na wannan gefe cikin ramuka, Jamus na wancan, tsakaninsu bai wuce jifa ba. Duk wanda ya ɗaga kai ya mutu. Da yaƙin doron ƙasa ya gagara sai kowane ɓangare ya koma haƙa ta ƙasa, ya bi a ɓoye har ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya cika ƙarshen ramin da albarushi, ya tashe shi. Cikin masu wannan aiki aka saka Illa da Modu, su kaɗai baƙar fata a rukuninsu.

Abin da Illa ya sani na rairayin Yekuwa bai amfane shi da kome ba. Ƙasar nan fara ce kamar alli, mai danshi, tana manne wa mutum har cikin hanci. Ita rijiya ƙasa take yi, kome zurfinta in ka ɗaga kai za ka ga sama kamar faifai. Wannan kuwa a kwance yake tafiya, da rarrafe ake shiga, katako bisa kai, katako a gefe, ba wurin juyawa. Ana naɗe takalmi da tsumma. Ba magana, ba tari. In an matso kusa da Jamus sai a ajiye dagi, a koma yankar ƙasa da guntuwar wuƙa, a tara a buhu, a miƙa baya hannu da hannu.

Haƙa ba ta dami Illa ba. Abin da ya tsana shi ne sauraro. Akan tsayar da aiki, a tura mutum guda can ƙurya ya kwanta, ya manna kunne a bango, kada ya motsa ko yatsa. Modu, da ya fi shi tsintar Faransanci, shi ya fassara masa abin da sarsan ke faɗi.

"Ya ce muddin kana jin ƙwas-ƙwas ɗinsu, ka gode Allah, haƙa suke. In ka ji ana jan abu mai nauyi, kaya suke shigarwa. In ka ji shiru…" Modu ya buɗe tafin hannu sama.

Tun daga ranar Illa ya daina son shiru. Yakan kwanta a ƙurya, ƙafarsa na rawa ita kaɗai, yana danne ta da ɗayar, yana roƙon Allah kada mutanen can su daina haƙa. In sun fito hutu, sauran su zube su yi barci, shi kuwa ya yi ta kai da kawo cikin ramin tsaro da kai a sunkuye, har ƴan'uwan aikinsa su jefe shi da takalmi. Salla kuwa da taimama suke yi, kowa ya zaɓi gabas ɗinsa. Modu ya ce can, Illa ya ce nan, su yi ta musu ƙasa-ƙasa har lokaci ya nemi fita.

Ranar da abin ya faru, Illa ne ke sauraro, Modu na bayansa yana ɗaure bakin buhu. Tun shigarsu ake jin haƙa ta hagu, kusa ƙwarai, har ana jin nishin mai yi. Sai ta tsaya. Illa ya jira. Ya ƙara jira. Ba abin da yake ji sai jinin kansa. Ya miƙa ƙafa ya taɓa kafaɗar Modu, alamar a fita. Modu ya fara ja da baya. Bai yi nisa ba ƙasa ta ɗaga.

Da Illa ya farfaɗo, bakinsa cike yake da ƙasa, kunnensa na hagu na kuka, buji, kyandirin da ke ci a jikin bango, ya mutu. Ya yi ta kokawa har ya samu ya karkata jikinsa, ya lalubi baya. Inda hanya take ɗazu, yanzu ƙasa ce da karyayyen katako. Ya kira Modu. Ya manta da dokar shiru, ya kira da ƙarfi. Yana lalube sai ya ci karo da hannu, daga wuyan hannu zuwa yatsu, sauran duk yana ciki. Da ɗumi. Ya ja, ko motsi. Ya tona da farce, abin da ya kwashe sai wani ya zubo ya maye. Yatsun suka matse nasa sau ɗaya. Ya bar tonon ya riƙe, yana ta karanta abin da ya zo bakinsa, har hannun ya saki, har ya yi sanyi.

Bai san iyakar zaman da ya yi ba. Abin da ya tashe shi wata ƴar iska ce da ya ji a kumatu, ta hagu. Bangon nan ya fashe. Ya cusa kai, ya ja ciki ya bi, sai hannunsa ya sauka kan takalmi. Ƙusoshin ƙasansa ba irin nasu ba ne. Takalmin ya motsa.

Illa ya zaro wuƙar haƙarsa. Mutumin ya yi magana, wani harshe mai kaushi daga maƙogwaro, ba Faransanci ba. Suka zauna cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. An sha gaya musu a sansani cewa Jamus ba sa kama baƙar fata da rai. Ya riƙe wuƙar har yatsunsa suka ƙage, yana jiran ya ji an yunƙuro.

Mutumin ya yi tari, ya yi nishi irin na wanda ciwo ke ci. Can Illa ya ji ƙarar murfi, sai wani abu mai sanyi ya taɓa damtsensa. Ya zabura har kansa ya bugi katako. Butar ƙarfe ce. Aka sake tura masa ita. Maƙogwaronsa ya bushe kamar tsohuwar salka. Ya karɓa ya kurɓa, wani ruwa ne mai ɗaci, ya mayar.

Sai hannu ya lalubo nasa, ya ja shi a hankali ya ɗora kan wani gungumen katako da ya danne ƙafar mutumin. Illa ya tsaya. Ya tuna hannun da ya bari a baya. Wa ya sani ko wannan ne ya jera albarushin, nasu ya ci su tare? Ya daɗe bai motsa ba. Daga baya ya sa wuƙar ya fara tone ƙarƙashin ƙafar, don zama haka kawai ya fi ƙarfinsa. Da ƙafar ta fito, Bajamushen ya yi wata ƙara ya cije ta.

Shi ne kuma ya fara jin wani bugu. Ya kama hannun Illa ya manna a bango. Can nesa wani na buga ƙarfe, ya tsaya, ya sake bugawa. Masu ceto ne. Amma na wa? Fashewar ta juya wa Illa kai, bai san ina ne gaba ba, ina ne baya. In Jamus ne, tasa ta ƙare. In Faransawa ne, na kusa da shi ne ya shiga uku. Ya lura shi ma mutumin ya yi tsit, lissafin da yake yi ke nan.

Iska ta fara nauyi. Kai na sarawa, hamma na zuwa ba dalili. Illa ya san wannan daga tsofaffin rijiyoyi, in ta kai ga barci ba a tashi. Sai ya ji Bajamushen ya fara yaƙushin bango. Daga yadda yake yi Illa ya gane ɗan sana'a ne. Ba ya gaggawa, yana tura ƙasa baya ta tsakanin ƙafafu, in ya ci gaba kaɗan sai ya lalubo guntun katako ya tokare sama. Illa ya taɓa bayansa, ya danƙa masa wuƙar. Mutumin ya riƙe ta jim, sa'an nan ya ci gaba da haƙa da ita. In ya gaji ya miƙo, Illa ya matsa gaba, shi ya koma kwashe ƙasa.

Illa ne a gaba lokacin da bakin dagi ya ɓullo daf da fuskarsa. Haske ya soke masa ido. Ya ji wata murya na zagi, muryar da ya sani, ta sarsan mai jan gemu. Aka kama wuyan rigarsa aka jawo shi kamar ɗan akuya. Ya kasa magana, sai nuna baya yake. Suka zaci Modu ne, suka zura hannu suka jawo.

A fili aka kwantar da su kusa da juna. Bajamushen dattijo ne, gashin bakinsa da furfura, hannayensa duk tabo. Ya juyo ya dubi Illa, ya dubi baƙar fatarsa da tsagar da ke kumatunsa, bakinsa a buɗe. Ya daɗe yana kallo. Ya faɗi wata kalma guda. Wani soja ya ɗaga gindin bindiga, sarsan ya daka masa tsawa. Mutum biyu suka ɗaga shi, yana jan ƙafa, suka sha kwana da shi. Illa bai ƙara ganinsa ba, bai kuma san abin da ya faɗa ba.

Da numfashinsa ya dawo sai ya nufi bakin ramin da rarrafe. "Modu," yake cewa, "Modu." Sarsan ya girgiza kai. Ramin ya haɗe da na Jamus, an riga an fara toshe shi da buhuna. Sai da ƙarti uku suka danne Illa.

Ya yi jinya a gidan likita, kunnen hagu bai ƙara ji ba. Aka mai da shi wani tudun, ya ci gaba da haƙa har yaƙi ya ƙare.

Ya iso gida da kaka, ana yankan gero. Ya tarar Daso ta zama mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har Magarya ake zuwa da kayanta ran kasuwa. Mutane suka cika gidan suna son labari. Ya ba su na jirgin ruwa da na sanyi, ya tashi ya bar su zaune. Ɗaki ya gagare shi, a tsakar gida yake shimfiɗa. Da tsakar rana, in mata sun ajiye taɓarya, gari ya yi tsit, sai a ga ya miƙe zumbur ya fita, ya zaga gona, ya zaga ta maƙwabci, ya dawo, ya sake fita.

Da rani Baba Ɗalha ya samu aikin rijiya a Waca, ya ce su je. Aka ɗaura wa Illa igiya aka fara zura shi. Bai kai rabi ba, ɗan rairayi ya zubo masa a wuya. Bai jira a ja shi ba, ya haura igiyar da hannu, ya faɗo waje yana haki.

"Ɗana, me ka gani?" in ji tsohon.

"Ba kome, Baba."

Ya kama hanya ko takalmi bai ɗauka ba. Aka ce iskokin ƙasar Nasara ne suka biyo shi. Aka yi rubutu, aka yi turare, ya sha ya shaƙa, ƙafa ba ta tsaya ba.

Daso ce ta tare shi wata rana tana matsar tunkuza. "Maigida, tsaya nan. Ba na ce ka zauna ba, tsaya kawai. Me ka baro a can?"

A tsaye ya gaya mata, yana kai da kawo tsakanin murhu da rumbu. Ya gaya mata Modu, ya gaya mata hannun. Ta goge mai a zanenta.

"Uwarsa ta sani?"

"Wa zai gaya mata?"

"To kai da ba ka iya zama, ga inda za ka."

Abin da ya sani kaɗan ne. Modu ya ce sunan garinsu Bulamari, uwarsa Fadi, rijiyarsu zartsi ce. Da Illa ya wuce Dungas sai ya tarar Bulamari ba ɗaya ba ce, kuma kowace da Modunta da Fadinta. Ya yi ta bi, yana ɗanɗana ruwan kowace rijiya, yana tambayar gidan da aka ɗauki soja. A wani gari aka kore shi, an zaci ɗan leƙen asirin bariki ne. A wani kuma wata mata ta riƙe rigarsa tana kuka, ashe nata ɗan dogo ne, ba shi ba.

Ya same ta a wata ƴar tunga mai giginyu, tsohuwa ƴar firit tana kaɗi a inuwar zana. Liman ya zo ya zauna don Hausarta ba ta da yawa. Wata matashiya ta tsaya daga bayan zana, aka ce matar Modu ce, Mariyama, tun tafiyarsa take jira, ba aure ba takaba.

Illa ya durƙusa. "Iya, tare muke da shi. Allah ya yi masa cikawa."

Mazarin ya tsaya. Ba ta yi kuka ba. Ta yi magana, liman ya juya.

"Ta ce ya samu yin shahada?"

"Ban ji ba, kunnena ya toshe. Amma hannunsa na cikin nawa, ni kuma ina karantawa."

"Wane hannu?"

Ya miƙa na dama. Ta kama da nata biyu, ta juya shi, ta shafa kantar da ke tafin, ba ta saki ba.

"An yi masa sutura?"

"Ƙasa ce ta rufe shi, Iya. Ba a samu fito da shi ba."

"Wace irin ƙasa?"

"Fara ce sol, kamar alawayyo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Daga bayan zana aka ji Mariyama ta fashe da kuka.

Illa ya fara ba da labarin Bajamushen, yadda ya sha ruwansa, ya fid da ƙafarsa, alhali mai yiwuwa shi ne ya kashe ɗanta. Liman bai gama juyawa ba ta ɗaga hannu.

"Ta ce wannan naka ne. Ita nata ka kawo mata."

Aka yi addu'a, aka dama gumba aka raba sadaka, Mariyama ta shiga takaba. Suka roƙe shi ya tsaya sadakar uku. Ya tsaya da ƙyar, ya cika musu randuna, ya gyara dangar da ba a ce ya gyara ba, ana shafa fatiha ya kama hanya.

Bai warke ba. Rijiya dai bai ƙara shiga ba har ya bar duniya, ɗan Baba Ɗalha ne ya gaji dagin. Maganar Bajamushen kuwa ya yi ta kai ta wurin malamai, kowa da abin da zai ce, ba wadda ta zauna masa. Daso ta sayi jaki, ta ce tunda tafiyar dole ce, a yi ta da kaya. Ya zama shi ke kai mata mai da ƙuli-ƙuli kasuwannin Waca da Dungas da Magarya, in ya yi gabas kuma ya ratsa ta tungar giginyu ya ajiye wa tsohuwa gishiri da goro.

Da safe Daso kan ɗaure tulunan mai a mangala tana lissafa masa saƙo, wa za a ba, wa za a gaisar, ya dawo kafin Juma'a don akwai suna a gidan mai gari. Sau da yawa in ta ɗago kai, jaki ya riga ya kai bakin gona, shi yana gaba, ya juya mata kunnen da ba ya ji. Sai ta tattara tsummokaran ɗaurin, ta koma wajen murhu.